Ajin waƙa na jarirai: in kai 'yata ko in haƙura?

Wata baiwar Allah da ke zaune a wani gari na arewacin Ingila, inda ta bi mijinta da ke karatun digiri na uku, ta aiko da wasiƙar da zan taƙaita. 'Yarta ta fari ta cika wata bakwai. Ma'aikaciyar lafiyar da ke ziyartar masu jego a gida ta ba ta shawarar ta riƙa kai yarinyar ajin kiɗa da waƙa na jarirai, inda iyaye ke zama a kewaye da 'ya'yansu a cinya, ana rera waƙa, ana tafi, ana kaɗa kacau-kacau, sau ɗaya a mako. Ajin da ta samu kusa da gida na biya ne, kuma takardar tallarsa ta ce yana ƙara wa yaro kaifin basira da saurin magana. Maigidan ya ce abin da ke hannunsu bai kai na irin wannan hidima ba, kuma zuciyarsa ba ta kwanta da kiɗa ba. Surukarta, da labari ya kai mata ta waya, ta ce ita ta reni tara ba ta kai ko ɗaya wani aji ba, kuma babu wanda ya lalace a cikinsu. Mai wasiƙar ta rufe da cewa: "Ina tsoron kada in tauye 'yata a kan abin da 'ya'yan maƙwabta ke samu. Ni kaɗai nake wuni da ita a ɗaki, wani lokaci sai in ga ina kuka ba tare da na san dalili ba. Anti, in matsa a kai ta, ko in haƙura?"

Ƙanwata, Allah ya raya miki ita, ya albarkaci rayuwarta, ya kuma sanyaya miki zuciya. Shawarata ita ce ki nemi wurin da iyaye ke haɗuwa suna yi wa jariransu waƙa ki riƙa zuwa, amma ba dole ne ya zama wannan ajin na biya ba, kuma kada alkawarin da ke cikin takardar talla ya zama dalilin zuwanki. Amfanin waƙa ga jariri tabbatacce ne, sai dai mafi yawansa yana fitowa daga bakinki da hannunki da fuskarki, shi kuwa aji aikinsa ya nuna miki hanya, ya ba ki abokan zama, ya kuma sa ki saba da yin abin a kai a kai. Idan kin riƙe wannan, za ki ga cewa ke da maigida da surukarki kowa yana da nasa rabon gaskiya, kuma babu abin da ya kai a yi jayayya a kansa.

Jariri yana fara ji tun yana ciki, kuma a watanni ukun ƙarshe na goyon ciki yana sauraron bugun zuciyar uwarsa da hawa da saukar muryarta, shi ya sa tun a kwanakin farko bayan haihuwa yake bambanta muryarta da ta sauran mata. Kalmomi ba su da ma'ana a gare shi a wannan lokaci. Abin da yake kamawa shi ne kari da sauti: inda murya ta tashi, inda ta faɗi, inda aka ja, inda aka tsaya. Waƙa tana ɗaukar waɗannan abubuwa ta fito da su fili, ta rage musu gudu, ta maimaita su sau da yawa, har ƙwaƙwalwar yaro ta fara hasashen abin da zai biyo baya. Wannan hasashe shi ne ginshiƙin koyon harshe, domin kafin yaro ya san ma'anar kalma sai ya fara gane inda ta fara da inda ta ƙare a cikin maganar da ke zuba ba tsayawa.

Binciken da ya fi dacewa da tambayarki an yi shi ne a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Laurel Trainor, aka kuma wallafa shi a 2012. An ɗauki jarirai 'yan wata shida tare da iyayensu, aka raba su gida biyu, kowane rukuni yana halartar aji sau ɗaya a mako har tsawon wata shida. A aji na farko, iyaye da jarirai suna yin abin da kansu: suna koyon waƙoƙin reno da waƙoƙin da ake haɗawa da motsin hannu, suna buga 'yan kayan kiɗa, suna maimaita waƙoƙin a gida. A aji na biyu, jarirai suna wasa da kayan wasa iri-iri tare da iyayensu, kiɗa kuma yana tashi daga na'ura a gefe. Ki lura cewa kunnen yaran rukunin biyu duk ya ji kiɗa. Da suka cika shekara aka gwada su, sai aka tarar 'yan aji na farko sun fi amfani da alamomin da ke zuwa kafin magana, kamar nuna abin da ke nesa da yatsa da ɗaga hannu a yi ban kwana, sun fi yawan murmushi, sun fi sauƙin rarrashi, kuma ba sa saurin firgita idan suka tsinci kansu a baƙon yanayi. Yaran da aka yi binciken da su ba su da yawa, saboda haka bai kamata a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Duk da haka darasinsa a bayyane yake: bambancin bai zo daga jin kiɗa ba, ya zo ne daga yin waƙar tare da mutumin da yaro ya sani, yana kallon fuskarsa, yana jin hannunsa a jikinsa.

A 2016 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Washington da ke birnin Siyatil a Amurka, Christina Zhao da Patricia Kuhl, sun gwada jarirai 39 'yan wata tara. Kowane jariri ya halarci zama 12 na minti 15 a cikin wata guda. Rabinsu suna sauraron waƙoƙi masu bugu uku-uku, iyayensu suna taimaka musu su bi bugun da hannu ko ƙafa ko 'yar ganga, sauran kuma suna wasa da motoci da tubalan wasa ba tare da kiɗa ba. Bayan nan aka auna aikin ƙwaƙwalwarsu da na'ura, ana kunna musu sautin da ke tafiya bisa tsari, jefi-jefi kuma a karya tsarin. Ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi zaman kiɗa ta fi nuna martani mai ƙarfi ga karyewar, a cikin kiɗa da kuma a cikin sautukan magana na wani baƙon harshe. Wannan yana nuna cewa horar da kunne a kan kari a wuri ɗaya yana iya taimakawa a wani wurin. Amma abin da aka auna martanin ƙwaƙwalwa ne a ɗakin gwaji, binciken bai ce yaran sun riga sa'o'insu fara magana ba, kuma mai talla da ya juya shi ya zama "saurin magana" ya ƙara gishirin da masu binciken ba su zuba ba.

Maganar ƙarin basira kuwa, ina so ki sauke ta daga zuciyarki gaba ɗaya, domin ita ce take sa iyaye masu ƙaramin ƙarfi su ji kamar sun ci amanar 'ya'yansu. Asalin wannan zance wani ɗan gwaji ne da aka yi a 1993 a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, inda ɗaliban jami'a 36 suka saurari kiɗan Mozart, wani shahararren makaɗin Turai na da, na minti goma, suka ɗan fi ƙoƙari a wata jarrabawa ta sarrafa siffofi a zuci, kuma tasirin ya gushe cikin kusan minti 15. Babu jariri ko ɗaya a cikin gwajin. Duk da haka labarin ya bazu har ta kai a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 domin a ba kowane jaririn da aka haifa a jihar faifan kiɗa. Daga baya masu bincike sun sake duba lamarin da idon basira. A 2013 Samuel Mehr da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun yi gwaji biyu da yara 'yan shekara huɗu da iyayensu, ba su kuma sami wani tabbataccen fifiko ga 'yan ajin kiɗa ba a yawan kalmomi ko fahimtar lissafi. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet sun tattara bincike 54 da suka ƙunshi yara kusan 7,000, suka nuna cewa duk lokacin da aka tsara gwajin da kyau, aka kwatanta ajin kiɗa da wani aji mai kama da shi kamar na zane ko wasanni, fifikon da ake yayatawa a fagen karatu sai ya ɓace. Masu sayar da irin waɗannan darussa sun san cewa kowace uwa ta yarda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai su shiga ta wannan ƙofa su tsorata ta da cewa lokaci yana ƙure mata. 'Yarki ba za ta zama daƙiƙiya don ba a biya mata kuɗin aji ba, haka kuma ajin ba zai mayar da ita gagarabadau ba.

Ribar da za ki iya sa rai da ita ta fi wannan kusa, kuma a ganina ta fi ta daraja. Ta farko ita ce natsuwa. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Montreal, jarirai sa'annin 'yarki da aka kunna musu waƙa cikin harshen Turkanci, wanda ba su taɓa ji ba, sun zauna lafiya na kusan minti tara kafin su fara ƙorafi, waɗanda aka kunna wa magana kuwa ba su wuce kusan rabin haka ba. Uwar da ke da waƙoƙi biyar ko shida a bakinta tana da abin da za ta kama a lokacin wanka da canza ƙunzugu da fitowar haƙori da zaman jiran likita, kuma yaron da ya saba jin waƙa guda kafin barci yakan fara sassauta jiki da zarar an ɗauko ta. Ta biyu ita ce shaƙuwa da mutane. A 2014 Laura Cirelli, tare da Farfesa Trainor ɗin nan, ta nuna cewa yara 'yan wata 14 da aka riƙa jijjigawa daidai da motsin wata baƙuwa da ke tsaye a gabansu sun fi saurin miƙo mata abin da ya faɗi daga hannunta, idan aka kwatanta da waɗanda aka jijjiga a saɓanin motsinta. Motsi tare bisa kari ɗaya yana sa yaro ya ɗauki mutum a matsayin nasa. Sai kuma abin da ido ke gani ba sai an auna ba: damƙar kacau-kacau da sauya shi daga hannu zuwa hannu, ƙoƙarin haɗa tafi, jiran inda waƙa za ta tsaya domin a yi masa cakulkuli, da mayar da gwaranci idan uwa ta yi shiru ta ba shi dama. Wannan na ƙarshe shi ne mafarin hira, wato sanin cewa kai ka faɗa, ni in amsa.

Yanzu mu koma ga surukarki, wadda nake roƙon kada ki ji haushin maganarta. Gaskiya ta faɗa cewa ba ta kai 'ya'yanta aji ba, amma sai a tuna irin gidan da ta rene su. Jaririn da ya tashi a babban gida na ƙasar Hausa yana bayan uwarsa ko yayarsa tun safe, yana jin lugude a jikinsa idan ana daka, yana jin waƙar niƙa, kakarsa tana ɗaga shi tana yi masa tawai tana kiran sunansa da kirari, da yamma kuma 'yan mata suna gaɗa a tsakar gida ko a dandali, tafi yana tafiya da ƙafa. Duk abin da masu binciken Kanada da Amurka suka shirya a ɗakin gwaji, wato murya mai rai da motsi bisa kari da fuskokin da yaro ya sani, 'ya'yanta sun same shi kullum ba tare da kowa ya kira shi darasi ba. Ke kuwa kina ɗaki a ƙasar sanyi, babu kaka, babu goggo, babu 'yar reno, babu turmi, kuma mai yiwuwa ko wankan jego ba ki samu wadda ta tsaya miki a kai yadda aka saba ba. Turawa su ma zaman babban gida ya watse musu, iyaye da yawa sun tashi ba su da waƙoƙin reno a baki, ba su kuma da wanda zai koya musu. Saboda haka tambayar da ke gabanki ita ce ta yaya za ki mayar wa 'yarki wani abu daga cikin abin da tsakar gida take bayarwa, tun da tsakar gidan ta yi miki nisa.

Nan ne nake so in ja hankalinki ga abin da babu ajin da zai ba ki a Ingila, wato Hausa. Tun a 1984 Janet Werker da Richard Tees suka nuna cewa jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana iya bambanta sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma zuwa wata goma zuwa sha biyu kunnensa yakan karkata ga sautukan da yake ji kullum, ya fara yin watsi da sauran. 'Yarki tana bakin wannan mataki yanzu. Turanci zai zo mata ta ko'ina, daga titi da talabijin da makarantar reno, ba ya buƙatar taimakonki. Amma sautukan ɓ da ɗ da ƙ da ts, da dogon wasali da gajere, da hawa da saukar murya da ke sauya ma'anar kalma a harshenmu, daga bakinki da na babanta kaɗai za ta same su. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓoɓi take tafiya, tana tilasta wa mai rerawa ya ja inda ake ja, ya gajarta inda ake gajartawa, don haka babu hanyar da ta fi ta sauƙi wajen dasa waɗannan abubuwa a kunnen yaro. Idan kin je aji kin koyo wata waƙa ta Turanci mai motsin hannu, ki dawo gida ki sa mata kalmomin Hausa a kan sunan 'yarki da hancinta da yatsunta da abin da kike dafawa. Kada ki damu da daɗin murya. Jariri ba alƙalin gasa ba ne, muryar da ya sani tun yana ciki ita ce ya fi so, ko da kuwa ta dushe.

Game da maigida, damuwarsa biyu ce kuma kowace tana da mafita. Ta kuɗi ita ce mai sauƙi. Ɗakunan karatu na jama'a a garuruwan Ingila da yawa suna da zaman waƙoƙin jarirai na mako-mako kyauta, haka ma cibiyoyin yara da iyali na ƙananan hukumomi, kuma ma'aikaciyar lafiyar da ta ba ki shawarar za ta iya gaya miki rana da wurin da ya fi kusa da ke. Babu wata shaida da ta nuna cewa aji mai tsada ya fi na kyauta amfani ga jariri, muddin dai ana rerawa da baki kuma iyaye suna shiga ciki. Ba na goyon bayan ki ci bashi ko ki rage kuɗin cefane a kan wannan, kuma ba na goyon bayan ki mayar da shi abin rigima da mutumin da ke fama da karatu da haya a baƙuwar ƙasa. Idan hali ya samu nan gaba kuka ga kuna son na biyan, yawancinsu suna yarda a zo zaman gwaji sau ɗaya kafin a biya na zango.

Ta addini kuwa, malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne, sai ku tambayi malamin da kuka amince da iliminsa. Abin da zan ce ta fuskar renon yaro shi ne, jigon amfanin yana cikin murya da tafi da jijjigawa da haɗa ido, waɗanda duk ana yinsu ba tare da ganga ko molo ba. Waƙoƙin da kika koya a makarantar Islamiyya kina ƙarama, na haruffa da na tarbiyya, suna da kari da maimaici da amshi, kuma za su yi wa kunnenta aikin da ake nema. Ki gabatar masa da maganar ta wannan fuska, cikin ladabi, a lokacin da hankalinsa yake kwance, sannan ki roƙe shi ya raka ku zama ɗaya ya gani da idonsa, domin sau da yawa abin da mutum ya hango a ransa idan an ce ajin kiɗa ya sha bamban da iyaye goma zaune a kan darduma suna tafa wa jarirai. Ina ma a ce zai riƙi waƙa guda ta zama tasa da 'yarsa, yana yi mata idan ya dawo. Iyaye maza da yawa suna jin nauyin wannan, alhali kuwa muryar uba tana da nata matsayi a kunnen yaro, kuma minti biyar ɗin nan suna gina sabo tsakaninsu wanda sayen kayan wasa ba ya ginawa.

Idan kin je, ga abin da za ki duba. Aji mai kyau shi ne wanda mai jagoranta take rerawa da bakinta, take maimaita waƙoƙi kaɗan mako bayan mako har su zauna, take kuma barin iyaye su riƙe 'ya'yansu su yi da su. Wanda aka cika da lasifika da fitilu masu walƙiya da allon bidiyo, iyaye suna gefe suna ɗaukar hoto, ya koma aji na biyu na binciken Kanada, ko ma ƙasa da shi. Kada ki ji kunya idan 'yarki ta sa kacau-kacau a baki maimakon ta kaɗa, ko ta yi barci, ko ta juya baya tana kallon takalmin wata. Haka jarirai suke koyo, kuma sau da yawa abin da suka yi shiru suna kallo a aji sai bayan kwana biyu ya fito a gida. Idan ta kau da kai, ta sanƙare baya, ko ta fara kuka, ta gaji ne, sai ki fita da ita ta huta. Ki kula da ƙara: duk inda sai kin ɗaga murya kafin wadda ke kusa da ke ta ji ki, ƙarar ta yi wa kunnen jariri yawa, kuma wannan ya shafi bukukuwan aure da suna da ake kafa manyan lasifikoki fiye da yadda ya shafi aji. Idan za ki haɗa mata abin kaɗawa a gida da gora da shinkafa ko wake, ki tabbatar murfin ya rufu yadda ba za ta iya buɗewa ba, saboda haɗarin shaƙewa. Waƙoƙin yara na waya da talabijin kuma ba sa maye gurbin bakinki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da jaririn da bai cika shekara ba a gaban allon waya ko talabijin. Wani amfani na yi mata waƙa kullum shi ne za ki lura da jinta. A wata bakwai ya kamata ta riƙa juyowa idan kin yi magana daga wani gefen ɗaki, tana kuma gwaranci. Idan kin ga ba ta yi, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya ko da an ce ta tsallake gwajin ji da ake yi wa jarirai bayan haihuwa, domin matsalar kunne tana iya bijirowa daga baya.

Na bar jimlar da ta fi damuna a wasiƙarki zuwa yanzu domin in tsaya a kanta sosai, wato kukan da kike yi ke kaɗai. Kada ki raina shi, kada kuma ki ɗauke shi a matsayin rashin godiya ga Allah ko rashin son 'yarki. Ciwon damuwa na bayan haihuwa yana samun fiye da mace ɗaya cikin goma a shekarar farko, kaɗaici da nisa da dangi suna ƙara shi, kuma yana da magani. A nan ma zaman waƙa yana da abin da zai ba ki. A 2018 Daisy Fancourt da Rosie Perkins sun wallafa wani gwaji da suka yi a Landan da iyaye mata 134 masu alamomin wannan ciwo, aka raba su uku: masu zaman waƙa da jariransu na mako goma, masu zaman wasa, da masu samun kulawar da aka saba. A cikin matan da ciwon ya fi tsananta a kansu, waɗanda suka yi zaman waƙa sun fi saurin samun sauƙi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mace ta sami abin da zai fitar da ita daga ɗaki a rana sananniya, ta zauna da wasu mata masu irin halinta, ta ga 'yarta tana yi mata dariya, ta kuma koma gida da abin da za ta rarrashe ta da shi, sai ta fara yarda cewa ta iya reno. Saboda wannan ne ma na ce ki je, ko da 'yarki ba ta buƙatar ajin kamar yadda ke kike buƙatarsa. Amma waƙa ba ta maye gurbin likita. A cikin makon nan ki gaya wa ma'aikaciyar lafiyar ko likitanku abin da kika gaya mini, da kalmomin da kika rubuta, ki kuma gaya wa maigida, domin mai yiwuwa bai san halin da kike wuni a ciki ba. Idan har tunanin cutar da kanki ko yarinyar ya taɓa zo miki, kada ki jira wayewar gari, ki kira lambar gaggawa ta 999 ko ki je sashen gaggawa na asibiti nan take.

Surukarki kuma, maimakon ki yi ta ƙoƙarin gamsar da ita a kan aji, ki kira ta ki ce: "Mama, ina so ki koya mini waƙoƙin da kika reni babanta da su, don jikarki ta tashi da su." Ki roƙe ta ta naɗo miki su da muryarta ta WhatsApp, haka ma mahaifiyarki da goggonninki, ke kuma ki haddace su ki riƙa rera wa yarinyar da bakinki safe da yamma, a lokacin wanka da kafin barci. Idan kuna kiran bidiyo, ki ɗora yarinyar a cinya ki riƙa jijjiga ta daidai da waƙar kakarta. Ki gwada wannan tare da zaman ɗakin karatu na wata guda, sannan ki sake rubuto mini ki gaya mini yadda jikinki da zuciyarki suke, da abin da likita ya ce.